Jar Hular Birnin Zurfau

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sa ta ƙarƙashin ƙafafunmu, ranar da ya ga dama kuma ya ɗora mana ita a ka. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, jama'a, ku matso ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai goro ya ɓara ya miƙo, don in na fara ba na son katsewa.

Ni ne Tunau ɗan Arzika. Sunan garinmu kuwa ku yafe mini, har yanzu akwai masu nemana a can. Karatuna bai wuce izu biyu ba, shi ma malam ne ya ce ya isa haka, don in bar masa makaranta lafiya. Sana'ata ta fari jima ce, ta biyu tsokana, kuma ta biyun ta fi karɓata. Ni ne na rina jakin mai unguwa da shuni, ya yi kwana uku yana cigiyarsa alhali ga shi nan ɗaure a ƙofar gidansa. Da haka na kai shekara arba'in da uku, aka wayi gari ba mai jin maganata. In na ce wa mutum rana ta fito, sai ya leƙa waje ya tabbatar. Matata ma in na ce ta ba ni fura, sai ta tsaya tana kallon bakina, tana neman inda tarkon yake.

Rannan sai wani falke ya sauka a zaurenmu, ya ce can bayan ƙasashe bakwai akwai birnin da ake kira Zurfau, a cikinsa akwai wata jar hula. Duk wanda ya sa ta, in ya yi magana ba mai musu, har sarki. Na ce a raina, Tunau, maganin ciwonka ke nan. Gari na wayewa na rataya jaka.

Na ratsa Dajin Magulmata, inda itatuwa ke magana. Duk abin da matafiyi ya taɓa aikatawa sai su riƙa miƙa wa juna shi da ƙarfi, kuka ta gaya wa tsamiya, tsamiya ta gaya wa gawo, har kunya ta kashe mutum kafin ya fita. Da suka fara nawa sai na tsaya ina cika musu inda suka rage, har suka gaji suka yi shiru, na wuce. Na shiga Kogin Waiwaye, mai gudu gaba da safe ya komo da baya da yamma. Kwana huɗu na yi ina wuce wata giginya guda, ina ta mamakin yawan giginyar ƙasar, kafin na gane in ɗaure kwalekwale da zarar rana ta karkata. A wata na biyar na hango wani dutse fari fat, ya tokare sama. Zurfau ke nan.

Dutsen nan duk gishiri ne, garin kuma a cikinsa yake. Gidaje, kasuwa, fada, masallaci, duk sassaƙa su aka yi. Matar gida in miya ta yi mata lami sai ta kankari bango. Fitilarsu wani ƙwaro ne mai haske da suke sa wa a kwalba, in iska na da kyau ya yi fari, in ta fara ɓaci ya yi ja. Babban abokin gabarsu ruwa ne, don yana cin gini. Ko alwala a bakin ƙofar gari ake yin ta, cikin kwano. A ƙarƙashin garin akwai ramuka goma sha biyu inda ake saran gishiri, daga kowane rami an ja bututun tagulla har zuwa dandalin tsakiyar gari, ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ake magana.

A dandalin nan na ga hular. Ta tagulla ce, an shafe ta da ja, tana rataye a jikin ginshiƙi, ƙarƙashinta an shimfiɗa tabarma. Ba dogari, ba kare, ba ko tsohuwa mai gadi. Na ce kai, mutanen nan ba su taɓa yin baƙo irina ba. Da hantsi, kowa na harkarsa, na miƙa hannu na sauke ta, na kifa a ka, na naɗe da rawani. Sai dai garin nan duk lungunansa kama ɗaya ne. Ina neman ƙofar fita, sai ga ni ina ta gangarawa, har na tsinci kaina a cikin rami na tara.

Wata tsohuwa na tarar a ciki, 'yar siririya, da sanda a hannu, tana ƙwanƙwasa ginshiƙai tana kara kunne. Sunanta Iya Tabawa, aikinta ke nan, duba lafiyar ramuka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baƙo, ina za ka da wannan uban kai?"

Na ce, "Iya, gado ne, haka muke a gidanmu."

Ban rufe baki ba sai na ji dutse ya yi wani nishi, irin na raƙumin da aka yi wa lodi. Iya Tabawa ta ce, "Kwanta!" Ƙasa ta girgiza, sama ta rufto.

Da ƙura ta lafa na shafa jikina, na ji komai na nan. Kwalbar ƙwaron da Iya ta shigo da ita ba ta fashe ba. Hanyar da na shigo ta toshe ƙurmus, abin da ya rage mana bai fi faɗin ɗakin amarya ba, ginshiƙi guda ne a tsakiya ya riƙe rufin. Iya Tabawa na kwance, wani falalen gishiri ya danne mata ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Na kama zan ɗaga, ko motsi bai yi ba.

Ta ce, "Bar shi, kada ka zubar da ƙarfinka. Kuma ka daina wannan salati da ihu, iska kake cinye mana. Yanzu za ka ga aiki. Duk wanda ya fara isa dandali zai sa Jar Hula ya zauna a tabarma, ya kira manya biyar. Kafin azahar mun fita. Sau goma sha ɗaya ina sa hular nan, na san abin da nake faɗa."

Na sa hannu na dafe rawanina.

Can sai bututu ya yi gyaran murya. "Rami na tara! Iya Tabawa, kina ji na? Jatau ne, Sarkin Tona."

Bakin bututun na kusa da kanta. Ta ce, "Ina jin ka, Jatau. Wa ya sa hula?"

"Iya, babu hula. An ɗauke ta. Ga mu nan mu biyar a tsaye, ga gari duk ya taru, ba mai ikon cewa a ɗaga ko tsinke."

Na ce, "To su tona mana! Sai da hula ake riƙe diga?"

Ta ce, "A Zurfau sai da ita. A zamanin kakanninmu rami ya taɓa ruftawa da mutum huɗu, manya bakwai suka yi ta ba da umarni, kowa da nasa, aka binne mutum sittin wajen ceton huɗu. Tun ranar aka yi rantsuwa, baki ɗaya ne zai yi magana. Allah ya isa tsakaninmu da ɓarawon hular nan."

Sannan na kama warware rawani a hankali. Hasken kwalba ya sauka a kan tagulla.

Iya Tabawa ta daɗe tana kallona. Ta juya ga bututu ta ce, "Jatau, an ga hula. Tana nan kan wani ƙaton banza."

"Iya, a kansa take? Ya sa ta?"

"Daram."

Sai na ji muryoyi biyar sun haɗa baki daga sama: "Mun ji, mun bi, Mai Hula."

Wata biyar ina tafiya don in ji wannan kalma, ga ta ta zo, ni kuwa ba abin da nake so kamar in rabu da hular. Na cire hular na miƙa wa tsohuwa na ce, "Iya, don girman Allah karɓi kayanku."

Ta ce, "Mai jini a jiki ba ya sa ta. Ciwo ne zai yi magana, ba shi ba. Mayar."

"To in tura musu ta bututu."

"Bututun da ko ƙwan zabo ba ya wucewa? Kuma hannu da hannu ake ba da ita, ido cikin ido. Ka sa ta, ka sa ta ke nan, sai an tono ka. Mayar, na ce!"

Na mayar. Tsoro kuwa ya hau ni, ga ƙishi, gishiri ya cika mini maƙogwaro. Na kafa baki a bututu na kwarara ihu iyakar ƙarfina: "Jama'ar Zurfau! Kowa da kowa ya zo ya tona! Ku yi sauri! Kuma a ba ni ruwa, ƙishi zai kashe ni!"

Iya Tabawa ta ce, "Wayyo, ka kashe mu."

Ashe bakin bututun a dandali buɗe yake kamar kakaki, duk gari ya ji. Mutum dubu suka rugo kanmu, mai diga, mai shebur, mai muciya. Rufi ya fara zubo mana da gari. Matan gari kuwa, da yake Mai Hula ya ce ruwa, kowacce ta ɗauko tulunta ta juye a bututu. Jama'a, na nemi kurɓi guda aka aiko mini da rafi. Ruwa ya yi ta bulbulowa, ya malale ƙasa, ya kewaye gindin ginshiƙin nan guda da ke riƙe da ranmu.

Sai muka ji ƙaho, dogon busa guda. Komai ya tsaya cik.

Iya ta ce, "Nomau ne, Mai Kunne. Aikinsa sauraron dutse. Shi kaɗai ne in ya busa ƙaho ko Mai Hula sai ya tsaya. Yau ya ceci wawa." Ta kamo gefen rigata ta jawo ni. "Saurara, ɗan nan. Mai Hula ba ya magana da taro. Mutum biyar gare ka. Kowannensu yana da biyar nasa, su ma kowa da biyar nasa, haka maganarka za ta gangara har ta kai ga mai ɗaukar kwando. Ba ka taɓa diga, ba ka barin wurinka. Kuma kafin ka ce a yi, ka tambaya me ake ciki. Kira su ɗaya ɗaya. In ka ba da umarni, ka sa a maimaita maka."

Na share hawaye, na rage murya, na ce a mayar da taro bayan igiya, a bar mini manya biyar a bakin bututu. Jatau ya maimaita, aka yi. Na kira Mai Ƙirga. Shi ne ke tsare da ƙoren da ke bakin kowane rami, inda duk mai shiga ke jefa ɗan katako mai alamar gidansu.

Ya ce, "Mai Hula, rami biyu ne suka rufta. Na huɗu, katako goma sha ɗaya. Na tara, katako ɗaya."

Na ce, "Ɗaya kamar yaya? Mu biyu ne!"

"Wanda bai jefa katako ba, ba ya cikin ƙirga, Mai Hula."

Iya ta yi dariya har ciwo ya katse ta. Ta ce, "Ka ji ko? Ko ka mutu ba ka mutu ba."

Na kira Mai Magani, ta ce ta shimfiɗa tabarmi goma sha biyu, na ce ta ƙara ɗaya don Allah. Na kira Nomau Mai Kunne, ya ce dutse ya yi shiru a kan rami na huɗu, amma a kan namu yana ta ƙananan ƙorafi. Na dubi ginshiƙi, ruwa ya fara yi masa ƙugu kamar na zanzaro. Sannan na kira Hakama, Uwar Kaya, mai kula da igiya da kwanduna da azara.

Ta ce, "Mai Hula, ba a tona a gishiri sai ana tokare rufi da azara, taki ɗaya azara biyu. Abin da ke rumbuna zai kai rami ɗaya. Ba zai kai biyu ba."

Na ce, "Jatau, wanne ya fi kusa?"

"Naku, Mai Hula. Kafin azahar mun iso ku. Na huɗu sai la'asar."

"Su na huɗun, yaya suke?"

"Sun ce kwalabensu sun fara ja."

Na dubi tamu, fara ce tas. Na dubi ginshiƙi. Na dubi ƙafar Iya Tabawa, yatsun da suka leƙo ta ƙarƙashin falalen sun yi baƙi. Na toshe bututu da tafin hannu na ce, "Iya, me zan ce?"

Ta ce, "Hular a kaina take?"

"Iya, ke kin saba. In aka fara da mu, na fita na ba Jatau hula, shi ke nan kowa ya huta. Ai dabara ce."

"Dabara ce. Azarar kuma in ta shiga rami ba ta fita sai an gama. Ka lissafa da kanka."

Ta juya fuska ga bango, ta bar ni da hula.

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, ko da yake ita ce sana'ata. Bakina ya buɗe don ya ce tara. Harshena ya riga ya hau kan kalmar. Ba wanda zai musa, ba wanda zai zarge ni a fili, abin da na baro gida dominsa ke nan. Amma na tuna mutum goma sha ɗaya suna zaune suna kallon kwalba tana ja, kamar yadda nake kallon ginshiƙi yana rama, kuma ba su saci hular kowa ba.

Na ce, "Jatau, rami na huɗu. Duk azara, duk masu tona."

Ya ce, "Rami na huɗu, duk azara, duk masu tona. Mun ji, mun bi." Muryarsa ba ta canza ba ko kaɗan. Sai da ya tafi Hakama ta raɗa mini cewa 'yarsa ta fari tana cikin goma sha ɗayan nan. Duk da haka, ɗazu da na tambaye shi, ya tsaya ya gaya mini ramina ya fi kusa, bai ƙara ko kalma ba.

Daga nan sai zaman jira. Ban taɓa sanin lokaci na da nauyi ba sai ranar. Na ɗauko rawani na tsane ruwan da ke gindin ginshiƙi, in matse a lungu in dawo, har tafin hannuna ya tsattsage, gishiri na shiga yana cizo. Ba wurin miƙewa tsaye, ba wurin miƙe ƙafa. In na yi numfashi da ƙarfi sai Iya ta harare ni. Lokaci lokaci bututu ya yi magana: an ci taki goma, an ci taki goma sha biyar. Iya ta ce in tambayi tun yaushe masu tona ke aiki, na tambaya, aka ce tun farko. Ta ce gajiyayye shi ke kashe na kusa da shi. Na sa aka raba su kashi uku, kashi ɗaya na tona, ɗaya na kwasa, ɗaya na hutawa, Hakama ta kai musu kunu can nesa da rami.

Wajen azahar Iya ta fara sambatu, tana kirana da sunan wani ƙanenta da ya rasu. Na riƙa ba ta labarin jakin mai unguwa don kada ta yi barci. Ta buɗe ido ta ce, "Kai, ashe tun can gida ba ka da amfani."

Ana nan sai wata murya mai kauri ta shigo bututu. "Kai baƙo! Sarkin Zurfau ke magana. Hular kakannina ba za ta ruɓe a rami ba. Ga dogarai ɗari biyu, yanzu za su fasa ta kanku su ɗauko ta."

Na ce, "Iya, sarki ne!"

Ta ce, "Yana cikin biyar ɗinka?"

"A'a."

"To?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Wanda duk ya zo taimako, wurin Uwar Kaya yake zuwa ta ba shi aiki. A koma bayan igiya."

Na shafa wuyana, ina jiran hukunci. Sai na ji sarki ya ce, "Mun ji, mun bi." Na rantse muku, a duk tsokanar da na yi a duniya ba wadda ta kai wannan daɗi, kuma ba wadda na yi cikin tsoro kamarta.

Daɗin nan ne ya buɗe mini kai. Na tuna a garinmu na taɓa cire ƙyauren shagon wanzami na kai bayan gari, na san nauyin ƙyaure, na san abin da zai iya ɗauka. Na kira Hakama na ce, "Uwar Kaya, kin ce azara ta ƙare a rumbunki. A garin fa? Gidajenku ba ƙyaure? Matanku ba taɓarya? Ba turmi, ba gado?"

Ta ce, "Mai Hula, ba a taɓa yi ba."

Na ce, "A tambayi Mai Kunne."

Nomau ya ce taɓarya biyu a tsaye, ƙyaure a kansu, in na itacen kirki ne zai riƙe na yini guda, amma shi zai ƙwanƙwasa kowanne da kansa, wanda bai yarda da shi ba ba zai shiga ba. Na ce, "Hakama, ga dogarai ɗari biyu can ba aikin yi. A fara da ƙyauren fada, na ga ya fi kauri."

Ta maimaita, ina jin tana danne dariya.

Haka aka tuɓe Zurfau tsirara. An ce sarki da kansa ya riƙe wa kafinta fitila ana kwance ƙofarsa. Jatau ya ware mutum biyar daga masu hutawa, da shugabansu, suka fara tono wajenmu a hankali, Nomau na gaba yana kara kunne. Sau biyu ya busa ƙaho aka ja da baya, sau biyu ina jin kamar in ce a ƙyale shi a ci gaba. Iya ta ce in na kuskura za ta rotsa mini kai da sanda, hula ko ba hula.

La'asar sakaliya bututu ya ɗauki guɗa. Mai Ƙirga ya ce, "Mai Hula, katako goma sha ɗaya, mutum goma sha ɗaya. Biyu a sume, amma suna numfashi." Na juya in gaya wa Iya, na tarar ta suma ita ma. Ginshiƙi kuwa ya koma kamar damtsena, yana ta ƙara ƙas, ƙas.

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba, sai na ga bakin diga ya ɓullo ta bango. Rami ya buɗe kamar faifai, ga fuskar wani baƙin mutum mai furfurar gishiri. Ya ce, "Mai Hula, Jatau ne."

Na fizge hular na tura masa. Ya ƙi karɓa. Ya ce, "Ba haka ake yi ba. Faɗi abin da ya faru, abin da aka yi, abin da ya rage, da inda kowa yake."

Rufi na zuba a wuyana, mutumin nan yana neman bayani! Amma na faɗa. Na ce rami biyu sun rufta da hantsi. An fitar da goma sha ɗaya daga na huɗu. Saura biyu a na tara, tsohuwa a sume, falale a kan ƙafarta ta hagu, ginshiƙi ya kusa karyewa saboda ruwan da wani wawa ya sa aka zuba. Masu tona kashi uku, Mai Magani na dandali, Mai Kunne na bayanka. Na ba ka.

Ya sa hannu biyu ya ce, "Na karɓa." Ya kifa ta a ka, ya ja da baya ya zauna, ya miƙa digarsa ga na kusa da shi. Daga wannan lokaci bai ƙara taɓa komai ba sai magana. Ni kuwa da na ji iska ta taɓa tsakar kaina, sai na fashe da kuka kamar an yaye ni.

Aka shigo da turmi biyu aka tokare rufi, aka sa taɓare aka ɗaga falalen, aka zare Iya Tabawa aka miƙa ta waje. Ni aka jawo ta ƙafa, kamar ɗan akuya ranar haihuwa. Ba mu kai ƙarshen hanyar ƙyamaren nan ba muka ji rami na tara ya zauna a bayanmu.

Ƙafar Iya ba ta tsira ba. Mai Magani ta ce da an fitar da ita da azahar da an cece ta. A gabana ta faɗa, ba ta sassauta ba.

Bayan kwana bakwai aka kai ni gaban sarki, a fadar da har ranar ba ƙofa. Wasu suka ce a jefa ni daga kan dutse saboda sata, dangin goma sha ɗaya suka ce a ba ni gida da mata. Ana ta ja, sai aka shigo da Iya Tabawa a kan gado. Na faɗi gabanta na ce, "Iya, ni na ci ƙafarki. Ki yafe mini."

Ta ce, "Da ka ce tara, da na tsine maka har in mutu. Abin da zan ce ka ce." Ta juya ga sarki. "Ranka ya daɗe, kada a jefa shi, kada a ba shi komai. Ramuka goma sha biyu ne, kullum sai an ƙwanƙwasa su, ni kuwa ƙafa ɗaya gare ni. Ga ƙato yana da biyu, ba abin kirkin da ya taɓa yi da su. A ba ni shi."

Shekara uku na yi ina goye da tsohuwar nan, rami rami, ginshiƙi ginshiƙi. In ta ƙwanƙwasa gishiri sau biyu, ta ƙwanƙwasa kaina sau ɗaya, wai tana gwada wanne ya fi zama fanko. Ranar da Allah ya karɓi abarsa, ni na ɗauke ta zuwa makwancinta, ban bar kowa ya taya ni ba, don bayana ya riga ya san nauyinta.

Iyakar abin da ya same ni a Zurfau ke nan. Inda na ƙara gishiri Allah ya yafe mini, a can na saba da shi. Ku tashi haka nan, Allah ya sa mu gama lafiya.